"Zan sa ki a addu'a", kalmar da ta kama ni ranar Lahadi

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Dan Allah ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, akwai abin da ya tsaya mani a maƙoshi tun ranar Lahadi na kasa haɗiye shi.

Wajen wata biyu kenan na haɗu da wata 'yar zumuntar matanmu a Kwangila, ina jiran motar Samaru ita kuma ta sauko daga keke napep riƙe da kula da filas, idonta ya yi jawur. Ta ce yaronta ne aka kwantar a asibiti yau kwana huɗu zazzaɓi ya ƙi sauka. Na kama hannunta na ce sannu, Allah ya ba shi lafiya, zan sa ki a addu'a. Na shiga mota. Kafin mu kai Palladan maganar ta fita kaina, ina can ina lissafin kuɗin makarantar yara da gas ɗin da ya ƙare. Ban yi addu'ar nan ba 'yan'uwa, ko sau ɗaya.

To ranar Lahadi da aka tashi sujada sai ga ta ta zo ta rungume ni, yaron na biye da ita yana ta tsalle-tsallensa, ta ce "Yaya na gode, addu'arku ce ta tashe shi." Jikina ya yi sanyi. Na koma gida ko abinci na kasa ci, don na karɓi godiyar aikin da ban yi ba, kuma Allah ya sani.

Nawa ne cikinmu muke haka? A turo a guruf ɗin WhatsApp wai wane ba lafiya, mu danna hoton hannu biyu mu rubuta amin, shikenan mun wuce. Bakinmu ya saba da kalmar har ta zama kamar sai anjima. Annabi Sama'ila kuwa cewa ya yi wa Isra'ilawa Allah ya sawwaƙe ya yi wa Ubangiji zunubi ta wurin daina yi masu addu'a, ku duba 1 Sama'ila 12:23. Zunubi fa ya kira shi.

Da na zauna na bincike kaina sai na ga ba yawan aiki ba ne ya sa na manta. Gaskiyar magana na daɗe ina zuwa wurin Allah kamar mai zuwa shago, in miƙa takardar buƙatuna in juya. Wanda ya je sayayya ai nasa kawai yake tunawa. Sai wanda ke zama da mai gida ana hira ne yake samun bakin cewa af, ka ji halin da wance take ciki kuwa?

Ku dubi Ibrahim. Littafi Mai Tsarki ya kira shi abokin Allah, yana nan a Ishaya 41:8 da Yakubu 2:23. A Farawa sura 18 da Allah zai hallaka Saduma sai ya ce, zan ɓoye wa Ibrahim abin da nake shirin yi? Kun ji fa, Allah da kansa ne ya fara buɗe mashi cikinsa. Ibrahim kuma bai ce ina ruwana ba, alhali shi yana zaune lafiya a wajen itatuwan Mamre, wutar ba za ta taɓa alfarwarsa ba. Ya tsaya ya fara roƙo kamar mai ciniki a kasuwar Sabon Gari, in akwai masu adalci 50 fa, to in 45 ne fa, 40, 30, 20, har ya sauko 10, sau shida yana roƙo, har yana cewa shi ƙura ne da toka, kada Ubangiji ya yi fushi bari ya ƙara magana. Baƙo ba zai iya wannan ba, sai wanda ya san halin mai gidan, ya san yana jin ƙai. Ba a samu goman ba, garin ya ƙone, amma Farawa 19:29 ta ce Allah ya tuna da Ibrahim ya fitar da Lutu daga tsakiyar halakar. Duk lokacin da na karanta ayar nan sai tsigar jikina ta tashi, wataƙila ni ma yau ina tsaye ne don Allah ya tuna da wani da ya ambaci sunana.

Kuma na san ko wacece. Kakata ce, a Wusasa na tashi a hannunta, ba nisa da tsohon cocin nan mai ginin ƙasa na St. Bartholomew. Tana da wani Baibul tsohon juyi, wanda su Likita Mila suka yi aikinsa ya fito a 1932, bangon ya cire ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. A cikinsa akwai takardar littafin makaranta duk ta yi laushi, cike da sunaye. Da asuba, lokacin da ake jiyo kiran sallah daga nesa, sai ta kunna fitilar ƙwai ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa don gwiwarta ba ta bari ta durƙusa. Ba ta ihu. Magana take yi a hankali kamar da wani zaune a gefenta, "Uba ka ga wane, ka san taurin kansa, kada ka gaji da shi." Ta bi 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta sa Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta sa maƙwabtanmu Musulmi, ta sa mai unguwa da sarki da gwamna kamar yadda Bulus ya umarta a 1 Timoti 2:1-2. Wani lokaci ta yi shiru mai tsawo har in ɗauka barci ya kwashe ta. Ran nan na tambaye ta, ta ce "ke in kina hira da mutum ke kaɗai kike magana?"

Yesu ya ba da misali a Luka 11 na mutumin da baƙo ya sauka a gidansa tsakar dare ba shi da abin ba shi, ya je ya buga ƙofar abokinsa yana neman gurasa uku. Gurasar ba tasa ba ce, ta baƙo ce. Roƙo domin wani kenan, ni ba ni da magani, ba ni da aikin da zan ba ɗanki, amma na san gidan da akwai. Sai dai ku tambayi kanku, a Zariyan nan ƙofar wa za ka iya bugawa ƙarfe ɗayan dare in ba wanda kuka saba da rana ba? Yesu kuwa ya riga ya ce a Yahaya 15:15 ba ya ƙara kiranmu bayi, ya kira mu abokai, har ya ce wa Bitrus na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta kasa, tun ma kafin Bitrus ya yi musunsa.

Abu ɗaya kuma mu mata dan Allah mu kiyaye. Wani "mu sa wance a addu'a" ɗin gulma ce aka ɗaura mata ɗankwali, kafin a ce amin unguwa duk ta san abin da ke tsakaninta da mijinta. Wanda Allah ya yarda da shi yana da riƙon asiri. In an ba ki magana ki kai ta sama, ta tsaya nan.

Jiya na je gidan 'yar'uwar nan mai yaron na gaya mata gaskiya na roƙi gafara. Ta yi shiru, can ta ce ba komai Yaya, to ga maigidana nan wata bakwai ba aiki, ki fara daga nan. Da na dawo na yago takarda na sa a Baibul ɗina na fara rubuta sunaye, nasa ne na farko. Na kai na tara hannuna ya tsaya, don sunan wata ce da ta ɓata mani suna shekara uku ba ma gaisawa. Sai na tuna Ayuba, abokan da suka yi ta ɗora mashi laifi yana cikin ciwo su aka ce ya yi wa addu'a, bayan ya yi ne Ubangiji ya mayar mashi da abin da ya rasa har ninki biyu. Na rubuta sunanta. Yau da asuba na ambace shi a gaban Uba, da ƙyar ya fito, gobe ma in Allah ya kai mu zan sake.