Bikin da sai da kati ake shiga, na wa ne?

Ranar Asabar ɗin da ta gabata, a ƙofar wani ɗakin taro a nan cikin Maradi, na ga abin da har yanzu bai bar raina ba. Wata dattijuwa ce ta sauko daga kabu-kabu, ƙafa da hannu sun sha lalle, ta ɗauro zanenta na ƙasan akwati, da ƙullin goro a bakin mayafi. Daga Tibiri ta taso. Saurayin da aka ajiye a bakin ƙofa ya miƙa hannu ya tare ta.

"Inna, ina katinki?"

"Wane kati kuma, ɗana? Ni ce gwaggon amarya. Ni na goye ta."

"Ki yi haƙuri, Inna. Haka aka ce mini, wanda ba ya da kati kar ya shiga."

Ta koma gefe ta tsaya cikin ƙura, motoci na wucewa suna watsa mata haske a fuska. Sai da aka kusa rabin awa kafin wani daga cikin dangi ya fito amsa waya, ya gan ta, ya shiga da ita yana ba ta haƙuri. A cikin ɗakin kuwa, kujerun gaba cike suke da mutanen da amarya ko sunansu ba ta sani ba.

Ban ga laifin yaron ba, aikin da aka sa shi ya yi. Laifin na wannan sabuwar al'ada ne da ta shigo mana da sunan koktel ko dina, wadda a ƴan shekarun nan ta zama kamar wani rukuni na aure. Yanzu an kai matsayin da in an ɗaura aure ba a kama ɗakin taro ba, sai a riƙa tambaya a ɓoye: lafiya dai? Ko dai gidan babu ne?

Duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro ya san yadda yake. A kati an rubuta ƙarfe takwas, amarya ba za ta iso ba sai goma ta wuce, domin tana wurin mai kwalliya tun la'asar. In ta iso a ɗora ta kan wata doguwar kujera nesa da kowa, fuska ta yi nauyi da hoda, ba halin dariya, ba halin cin abinci, ba halin ta rungumi ƙawarta kar ado ya ɓaci. Mai gabatarwa ya kama lasifika yana kiran sunayen manya ɗaya bayan ɗaya. Sauti ya cika ɗaki har ba ka jin gaisuwar wanda ke kusa da kai. Liƙi, wanda a da alamar ƙauna ce, ya koma gasa, kowa na jiran mai ɗaukar hoto ya juyo kafin ya zaro kuɗi. Can wajen sha ɗaya a raba abinci a roba, ya riga ya huce, kowa ya ɗauki nasa ya kama hanya. Washegari hotuna su cika WhatsApp da TikTok, kuma in ka jera na biki biyar ba za ka iya cewa wannan na ɗiyar wane ne ba. Ado iri ɗaya, fitilu iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, duk an kwafo daga bidiyon Kano da Abuja da Yamai.

To ina shagalin yake? Wannan ita ce tambayar da nake so masu kare wannan al'ada su amsa. Ana kashe dukiya da sunan farin ciki, amma ka dubi fuskokin mutane: uwar amarya na lissafin kujeru, uban ango na lissafin bashi, amarya na jiran a tashi ta cire takalmi.

Ga kuma lokacin da muka zaɓa mu yi wannan gasa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma mafi yawan mutanen garin nan ko albashin ma ba su da shi, abin da kasuwa ta bayar yau shi ne na tukunya. Maradi gari ne da numfashinsa ke haɗe da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Kowa ya ga yadda kasuwa ta kwanta lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma ɗage takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Fabrairun 2024 bai mayar wa kowa jarin da ya cinye ba. A cikin wannan hali ne magidanci zai sayar da fili, ko saurayi ya taɓa jarin shagonsa, don a kama ɗaki na awa uku. Bayan sadaki, bayan akwatunan lefe, bayan kayan ɗaki da iyayen amarya suka yi shekaru suna tarawa. Ƙawaye kuma a ɗora musu anko kala biyu ko uku, wadda ba ta iya ba ta ɓuya a gida don kunya. Har tsohon tsarinmu na biki, inda mace ke kai wa ƴar'uwarta gudummawa a rubuta a littafi, in nata ya tashi a mayar mata da ƙari, an mayar da shi hanyar tara kuɗin mai ɗakin taro da mai ado. Abin da aka ƙirƙiro don a tallafa wa sabon gida, a dare ɗaya yake ƙarewa.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne maganar da na ji ana yi kan wani biki daban, wanda aka yi wata guda kafin na ɗakin taron nan a unguwar Zariya. Ango malamin makaranta ne, amarya tana ɗinki. Su biyun suka zauna da iyayensu suka ce ba sa son ɗakin taro. Da safe aka ɗaura aure a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Da yamma, bayan rana ta yi sanyi, aka share tsakar gidan kakar amarya, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa rumfa ɗaya a waje domin maza. Abokan ango na fada su suka kawo kujeru daga gidajensu, su suka hura gawayin shayi. Mai tsiren unguwa aka kira ya kafa tukubarsa a bakin ƙofa, kowa ya ci da zafinsa. Dambu da zogale da shinkafa matan gida ne suka dafa, zoɓo da kunun aya na cikin manyan robobi da ƙanƙara. Tsofaffi suka kifa ƙwarya a ruwa suka fara kiɗa, amarya ta tashi ta shiga fili ba wanda ya kira ta da lasifika, ta jawo kakarta, gida ya ɗauki guɗa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rawa, yara suka kunna fitilun waya, ba wanda ya zauna. Na ga amaryar nan ta yi dariya har da hawaye, kuma na ga ta ci abinci a bikinta, abin da na daɗe ban gani ba.

Wannan bikin ne wasu suka kira bikin rowa. Wata ma cewa ta yi an wulaƙanta yarinya, kamar ba ta da gata. Subhanallah! Yarinyar da ta kwana a ɗakinta ba a bin mijinta ko dala, wadda duk wanda ya zo bikinta ya san ta tun tana rarrafe, ita ce mara gata? Wadda aka tsayar da gwaggonta a titi ita ce mai gata?

Kar a fahimce ni a karkace. Ba na cikin masu cewa a ɗaura aure a watse kamar an dawo daga jana'iza. Masu wannan ra'ayi su koma su karanta abin da ya zo cikin Bukhari, cewa da Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin Ansaru suna son nishaɗi. Biki na son kiɗa da guɗa da raha. Amma shi dai Manzon ne ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ɗan kasuwa ne kamar alhazan garin nan, ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Kuma hadisi ya zo cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Katin shiga in ba wannan ba, mene ne aikinsa? Ai tankaɗe ne, an sa shi a ƙofa don a tace wanda ya dace da hoto.

Masu cewa ɗakunan taro na samar wa matasa aiki, su gaya mana ko mai tsiren unguwa da mai rumfa da mai ƙanƙara ba mutane ba ne. Masu cewa ai sau ɗaya ake yi, su leƙa su ga aure nawa ne ke fara tsami tun watan farko, ranar da masu bashi suka fara sallama. Amma hujjar da ta fi ba ni takaici ita ce "me mutane za su ce". Waɗanne mutane? Waɗanda za su ci, su goge baki, su fita suna cewa naman ya yi kaɗan? A kansu ne za a sayar da gonar gado?

Kuma ba rashin wuri ne ya kai mu ɗakin haya ba. Tun da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tayar da gari zuwa kan tudu, aka yanka unguwanni da tituna masu faɗi. Gidajen iyayenmu da yawa na da tsakar gidan da za ta ɗauki dangi har da maƙwabta. Wanda nasa ya yi kaɗan, na kawunsa na nan. Mu ne muka fara jin kunyar gidajen da muka tashi a ciki, muna ganin bangon ƙasa da bishiyar dogon yaro ba za su yi kyau a bidiyo ba.

Ban ce a kafa doka ba. Tun zamanin Seyni Kountché hukuma ke yunƙurin rage tsadar aure, ga mu nan inda muke. Abin ya fi ƙarfin takarda, a zaure da ɗakin uwa ake yanke shi. Iyaye su riƙa tambayar yaran nan irin bikin da suke so tun kafin ƴan'uwa su cika gida da shawara, domin da yawansu in aka ba su dama, sauƙi za su zaɓa. Limamai su taɓo maganar kati a huɗuba. Masu hali kuma, waɗanda ake kwaikwayo, ɗaya daga cikinsu ya aurar da ɗiyarsa a tsakar gida a gani. Ranar da alhaji ya yi, ba mai sake kiransa rowa.

Ita kuwa gwaggon nan ta Tibiri, da aka shiga da ita, a kujerar baya kusa da lasifika aka samar mata wuri. Ba ta kai ga amarya ba, masu hoto sun zagaye ta. Kafin a raba abinci ta tashi, don kar dare ya yi mata a hanya. A ƙofa ta kwance bakin mayafinta, ta miƙa wa wata yarinya ƙullin goron, ta ce, "Ki kai wa ɗiyata, ki ce mata na zo."