Ɗan uwa, nawa ka sayar da shekara huɗunka?

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na biyo ta ƙofar gidan wani ɗan majalisa da ya zo hutu daga Abuja. Tun hantsi samari sun cika layin, wasu a tsugune bakin kwata, wasu sun jingina da katanga, rana tana dukansu. Cikinsu akwai masu digiri, akwai wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, akwai tela da ya rufe shagonsa ya taho. Da aka buɗe ƙofa motar ta fito, sai ihu ya kaure: "Sai ka yi! Sai ka maimaita!" Aka ɗan sauke gilashi, hannu ya fito ya watsa 'yan ɗari biyar-biyar, mota ta yi gaba. Na ga ƙato da gemunsa yana rarrafe cikin ƙura ana taka masa yatsu. Mutum biyu sun kama takarda ɗaya, kowa yana ja, sai da ta rabe gida biyu. Wallahi sai da na kau da kai.

Na hango ƙanin wani abokina yana kaɗe wando, na ce, "Kai, me ya kawo ka nan?" Ya ce, "Yaya, ai kuɗinmu ne. In ban karɓa ba wani zai karɓa."

Wannan amsar ce ta hana ni barci, domin ita ce dai ake bayarwa ranar zaɓe in an miƙo taliya ƙulli biyu da sabulu da turmin atamfa. Kuɗinmu ne. To ai shi ne abin takaicin, ƙannena! Kuɗin asibitin unguwarku ne da babu ko allura, kuɗin ajin da ƙannenku ke zama a ƙasa su fi ɗari, kuɗin kwalbatin da ambaliya ke cinye muku gidaje duk damina. An ɗebi naku da buhu, an tsakuro muku da cokali, kuna godiya har ƙasa. A zauna a yi lissafi mana. Wanda ya karɓi naira 5,000 ya dangwala, ya sayar da shekara huɗu ke nan, kwana 1,461. Raba ka gani: naira uku da 'yan kwabbai a rana. Ko ruwan leda ɗaya ba za ta saya maka ba.

Na san abin da za a ce: ka karɓi kuɗinsu, ka zaɓi ra'ayinka. Wa kuke yaudara? Su ma ba yara ba ne. Ejan yana tsaye daf da akwati, sai ka karkata takardar ya ga inda ka dangwala kafin a ba ka 'yar takardar da za ka kai bayan makaranta a sallame ka. Wannan cinikin ne ya sa hukumar INEC ta hana shiga rumfar kaɗa ƙuri'a da waya. A 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, sai aka koma rabon kayan abinci da turawa ta asusun banki, ba a fasa ba. Kuma ko babu mai kallonka, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bakin da ya ci ba ya iya tambaya. Gobe in ka je kukan rashin ruwa ko taransufoma, kallon wanda aka riga aka biya zai yi maka, kuma da gaskiyarsa, domin shi jari ya zuba, sai ya mai da uwar kuɗi ya ci riba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dokar zaɓe ta 2022 ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa a laifi ɗaya, har da ɗauri. Kafin ita kuwa, Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Ko wannan bai isa ya sa gabanmu ya faɗi ba?

Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗannan samarin su ne gwanayen zagin gwamnati a majalisar mai shayi. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista kafin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Masu hankali da yawa sun kwanta a gida sun ce an riga an gama rubutawa, suka bar fili ga 'yan taliya. Ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Ba ina nan don in ce wane ya yi daidai ko wane ya yi kuskure ba. Tambayata ita ce, lokacin kamfe, da manyan 'yan takara ke faɗa da bakinsu cewa za su cire shi, mu nawa muka tsaya muka saurara? Muna can muna rigima a kan wa ya samu hula, wa aka hana riga mai hoto.

Ga kuma 'yan data, waɗanda ake tura wa kuɗin kati su kwana a Facebook suna zagin sa'an ubansu saboda wani "oga" da ko sunansu bai riƙe ba. Ga waɗanda suka fi ban tausayi, 'yan jagaliya, da ake ɗura wa ƙwaya a ba su gora da wuƙa: a Kano a ce 'yan daba, a Gombe kalare, a Bauchi sara-suka. An gama zaɓe, an bar su da shaye-shaye da tabon sara, wasu a gidan yari, wasu a kabari. Ku nuna mini ɗan ɗan takara guda ɗaya da aka taɓa gani da gora a bayan akori-kura. Nasu suna makaranta a Ingila ko Dubai. Iyayenmu mata ma ba zan ƙyale su ba, masu tashi tun asuba su bi layin sabulu da goyo a baya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba a ce kada ku yi siyasa ba, ku yi ta, haƙƙinku ne. Tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Waye a cikinku ya taɓa tambayar ciyaman nawa ya shigo wannan watan, ina aka kai shi? Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ku damar yi wa ɗan majalisa kiranye. Ku riƙe mutuncinku, ku nemi na kanku, ku dubi mutum kafin ku dubi jakarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ku tambayi tsofaffin da suka rage. Da aka kafa jam'iyyar NEPU, mai taken Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, talakawa ne suka ɗauke ta a ka: teloli, mahauta, 'yan koli, manoma. Su ke yankar katin jam'iyya da kuɗin aljihunsu, su tafi ƙauye a kan keke. An yi musu bulala, kotunan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, sun ɗaure su, wasu an kore su daga garuruwansu, ba su sayar da ra'ayinsu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a zamanin da macen Arewa ko ƙuri'ar ma ba ta da ita, sai a 1976 aka ba ta. Wahalar nan ba ta tafi a banza ba: da jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano a 1979, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, abin da talaka ya yi shekaru yana kuka da shi. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, gidansa yana nan a Gwammaja, kowa ya je ya ga ko ya yi kama da na wanda ya tara. Mutanen nan sun fi mu talauci nesa ba kusa ba, yawancinsu ko boko ba su yi ba, amma da ka miƙa wa ɗayansu kuɗi don ya bar tafiyar Sawaba, da ya watsa maka su a fuska. A lokacin abin kunya ne a ce an saye ka, har 'ya'yanka sai an yi musu gori. Yanzu kuwa uwa ce da kanta ke tashin ɗanta da sassafe tana cewa, "Yi sauri mana, kada a gama rabo ba kai."