Siminti Ba Zai Raya Sunan Magini Ba

Tun da aka yi jana'izar dattijon maginin nan na cikin birnin Katsina, wanda Allah ya ja kwanansa har ya haura tasa'in, hoto ɗaya ake ta yawo da shi a Facebook: yana saurayi, sanye da farin kakin sojan ruwa. Allah ya jiƙansa da rahama. Ba mai raina wannan hidima. A 1956 aka kafa rundunar sojan ruwa, kuma a wancan zamani Bakatsine ya baro tudu ya je Apapa ya hau jirgi, sai mai zuciya. Amma shekarun da ya yi da kaki ba su kai rubu'in waɗanda ya yi yana cuɗa ƙasa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shawarar da ake ta yabawa, wai a yi karo-karo a shafe soron da ya gina da hannunsa da siminti, a bi da fenti, wai karramawa ke nan.

Duk wanda ya san gini ya san ƙarshen wannan. Bangon ƙasa yana shan laima daga tushe a damina, iska da rana su busar da shi ta jikinsa. Idan aka lulluɓe shi da siminti, laimar ta rasa mafita, sai ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye. Ga shi siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare idan zafin Afrilu ya buga, don haka shafen yakan tsage. Ruwan Agusta ya bi tsagar ya shige, gara ta biyo baya. Bayan damina biyu ko uku ka ƙwanƙwasa bangon, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Daga nan sai shafen ya ɓamɓaro faifai guda, ya taho da naman bangon.

Marigayi da tsararrakinsa da rani suke gini. A haƙo birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a jiƙa, a zuba ramno, wato ciyawar da ke riƙe ƙasa, a tattake da ƙafa, a bar shi kwanaki ya tsima kafin a mulmula tubali a shanya. Tubalin da bai bushe har ciki ba shi ke sa bango ya zauna ya karkace. Wajen jerawa, tsinin tubali sama yake kallo, kuma sahu biyu ko uku ake yi a bari ya sha iska, ba a gaggawa. Tushe ya fi kauri, bango na tashi yana sirancewa. Azara ta giginya ce, domin gara ba ta cin ta da sauƙi, kuma ba a barin ta ta tsallake fiye da ƙafa shida babu madogara. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai a tayar da bakan gizo, wato madogara mai lanƙwasa kamar baka, ko a yi ɗaurin guga, inda bakunan ke haɗuwa a tsakiyar rufi. Rufi kuwa laso ake masa, wato shafen da ke hana ruwa shiga: katsi, abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, daga marina, gashin jima daga majema, da ruwan tsiron dafara. Jikin bango a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Indararo kuma dole ya zarce bango sosai, in ba haka ba ruwa ya riƙa zaizaye gindin gini.

Masu cewa ginin ƙasa alamar talauci ce su je su tsaya gaban hasumiyar Gobarau, ko tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sannan su koma ɗakunansu na bulo da kwano su kwana cikin gumi.

Gaskiya ce ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina. To wa ya rage da zai yi? Marinar da ke ba da katsi tana mutuwa, giginya ta yi wuya, matasan magina kuwa bulo kaɗai suka iya, shi ma sau da yawa bulon da aka cika wa yashi har yana marmashewa a hannu. Mun yi shekaru muna wuce wannan dattijo a ƙofar gidansa, babu wanda ya zauna da takarda da biro ya tambaye shi yadda ake auna katsi da dafara. Yanzu da ya kwanta dama kowa ya zama mai kishinsa, har da buhun siminti a kafaɗa. Wannan sakaci ne, kuma abin kunya ne a garin da ke taƙama da tarihi.

Kuɗin da ake tarawa a miƙa su ga yaransa da suka koyi aiki a hannunsa, su yi wa soron yaɓe da makuba kafin ruwan farko. Sarkin Magina da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina su nemo tsofaffin da suka rage a Katsina da Daura, a ɗauki aikinsu a bidiyo, a tura ɗalibai su tattake ƙasa tare da su a wannan ranin.