Finafinan kaset na 'yan daban Japan ba abin raini ba ne

Jiya muna hira wani abokina ya ce duk fim ɗin da aka yi don kaset, bai shiga sinima ba, tarkace ne kawai. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Mu da muka taso da finafinan kaset na Kano, bai kamata irin wannan magana ta fito daga bakinmu ba.

A 1989 kamfanin Toei na Japan ya ɓullo da wani tsari da ya kira V-Cinema. Jama'a sun rage zuwa sinima, shagunan hayar kaset kuwa sun cika unguwanni, sai aka ce to a yi fim a kai shi shago kai tsaye. Kuɗi kaɗan, kwanakin ɗauka kaɗan. Da yawa daga cikin labaran na yakuza ne, 'yan daban can masu zane a jiki, waɗanda in yaro ya yi wa ubangidansa laifi sai ya datse gaɓar ƙaramin yatsansa ya miƙa masa don neman afuwa.

Mai zuwa haya ba ruwansa da sharhin jarida, kwali yake dubawa. Da ya ga fuskar jarumi Riki Takeuchi ko Sho Aikawa, ya ɗauka ya biya. Saboda haka in dai an sa jarumi da bindiga a kwali, mai kuɗin fim bai cika takura wa darakta ba. A cikin wannan sakewa darakta Takashi Miike ya fara aiki a 1991. Darakta Kiyoshi Kurosawa ma ya yi finafinai 6 a jere da Aikawa tsakanin 1995 da 1996, kafin sunansa ya kai manyan bukukuwan fim na Turai.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Minami no Teio, da aka fara a 1992. Takeuchi ya fito a mai ba da bashi da ruwa a unguwar Minami da ke Osaka. Ruwansa suna ce masa toichi, wato kashi 10 cikin 100 duk kwana 10. Ka karɓi yen 1,000,000, kwana 10 na cika ana bin ka 100,000, uwar kuɗin tana nan ko motsi ba ta yi ba. Lokacin kuwa farashin filaye da hannun jari ya rushe a Japan, bashi ya yi wa mutane katutu. Masu shigowa ofishinsa ba wasu ƙasurguman ɓarayi ba ne. Mai ƙaramar masana'anta ne da albashin yaransa ya gagare shi, ko ma'aikacin da ya tsaya wa aboki a bashi, abokin ya cika wandonsa da iska. Mutum zai zauna, gumi na keto masa, ya ɗauki hatiminsa ya buga a takarda alhali ya san ramin da zai faɗa. An yi fim ɗin kashi-kashi har sama da 50, don masu haya kansu suke gani a ciki.

Ban ce duka masu kyau ba ne. Akwai shirme birjik, akwai zub da jini da wulaƙanta mata da ba na yarda da su, kuma ba zan kunna su gaban yara ba. Amma a ce wai duk tarkace ne don an yi su da araha, wannan kam ban yarda ba. Har yau ma kasuwar ba ta mutu ba, ga fim ɗin yakuza Nihon Toitsu nan da aka fara a 2013, shi ma ya haura kashi 50.