In ba ka san sarƙa ba, me ya kai ka sayar da ita?

Kwana huɗu na rasa, da kuɗin mota zuwa Kaduna sau biyu, da sifuroket guda (ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke juya sarƙar injin yankan katako) da ya lalace, kuma saura ƙiris yarona ya rasa yatsu. Duk a kan abin da in da mai shago ya san kayan da yake sayarwa, minti biyu ya isa a gama shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yankan katako da inji a wajejen Saminaka. Injina Stihl 070 ne, irin tsohon nan mai nauyi da duk ofareta ya sani, mai ƙarfin sisi 105 da ɗoriya, da bilet, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, mai inci 36. Tun da na saye shi sarƙa mai lamba .404 nake ɗora masa, don da ita ya zo. A bana wani bawan Allah ya ba ni aikin malaina a gonarsa, yana son katakon rufi kafin ruwa ya sauka. Malaina itace ne mai taushi, ba kirya ba ce balle madaci, kuma sarƙar .404 bakinta faɗi gare shi. Duk tsaga ɗaya sai ka ga garin katako ya taru a ƙafarka tuli guda, wanda rabon mai itace ne ke zubewa a ƙasa, ga mai da injin ke sha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu ofaretan da ba ya lissafin lita. Sai na yanke shawarar in koma sarƙa mai lamba 3/8, wadda ta fi siriri kaɗan, ta fi sauƙin ja.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, bari in faɗi me lambobin nan ke nufi, domin a nan rigimar take. Kowace sarƙa tana da taku, wato tazarar da ke tsakanin ƙusoshinta. Yadda ake auna shi ba wani sirri ba ne: ka ɗora tef daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ka raba biyu. In kafin ka raba ka ga milimita 16 da rabi, .325 ce. In ka ga 19, to 3/8 ce. In ya kai 20 da rabi, .404 ce. Bayan taku akwai kaurin ƙafar sarƙa, wato ɗan harshen nan da ke shiga kwarmin bilet, wanda yake zuwa milimita 1.1 ko 1.3 ko 1.5 ko 1.6. Na uku kuma yawan ƙafafuwan, shi ne tsawonta. Abu uku ne rak. Kuma kamfanonin kirki sun buga su a gindin bilet, kusa da inda ake ɗaure shi, duk mai ido zai gani in ya goge baƙin mai.

Canza taku kuwa ba canza sarƙa kaɗai ba ne. Haƙoran sifuroket ɗin da ke jikin kuloci an yanka su ne daidai da taku ɗaya, dole a canza shi. In bilet ɗinka mai ɗan tauraro ne a hanci, shi ma tauraron takunsa ɗaya ne, dole ya dace. In kuwa mai busasshen hanci ne irin nawa, wanda babu tauraro, to kauri kawai za ka duba.

Ranar farko ban je da kaina ba, ina tsakiyar wani aiki, sai na tura yarona da kuɗi da takarda. Na rubuta masa da hannuna: sarƙa 3/8, kauri 1.6, ta bilet 36, da sifuroket na 3/8 na 070. Da yamma ya dawo da sarƙa kaɗai. Na ce ina sifuroket? Ya ce, "Maigida, mai shagon ya ce ba sai an saya ba, wai duk ɗaya ne, in dai ta shiga bilet shi ke nan." Na ce kada ya taɓa injin sai na dawo gobe. To yaro ne mai son ya burge, kuma babban mutum mai shago guda ya gaya masa magana da gadara. Da asuba kafin in iso ya ɗora ta. Ta kuwa shiga kwarmin lafiya lau, tun da kaurin ɗaya ne, kuma wannan shigar ita ce ke yaudarar mutane. Ya tayar da inji, ya kafa a gungume. Ina daga nesa na ji ƙarar ta canza, kamar ana tauna tsakuwa. Kafin in ɗaga murya sarƙar ta yi tsalle ta fita, ta daki murfin, ta zabge bayan hannunsa. Allah ya taƙaita, fata ce kawai ta tafi. Da na kwance murfin na duba, ƙafafuwan sarƙar duk sun tauye sun yi kaushi, wasu sun lanƙwashe, haƙoran sifuroket ɗina na .404 mai lafiya sun gutsure. Sabuwar sarƙa, ko falanki ɗaya ba ta fitar ba.

Washegari na hau mota da kaina, da sarƙar a leda. Na ajiye ta a kan kanta, na yi sallama, na ce, "Alhaji, shekaranjiya ka ce wa yarona duk ɗaya ne. Ga abin da duk ɗayan ya haifar." Ko ɗaga ta bai yi ba. Ya ce, "Malam, mu shekara nawa muna sayar da cen ba wanda ya taɓa dawo mana da shi. Yaronka ne bai iya ɗaurawa ba." Na ce to mu bar wannan, ka faɗa mini bambancin .404 da 3/8. Ya ce ai wannan lambar kamfani ce kawai. Lambar kamfani! Mutum yana zaune a tsakiyar kwalaye da aka rubuta abin ɓaro-ɓaro a jikinsu, da zanen ƙusoshi uku da kibiya, bai taɓa juya kwali ɗaya ya duba ba. Daga ƙarshe ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kaya in sun fita ba a dawo da su.

Wallahi ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona mini rai ba. Rashin sani ba laifi ba ne, ni ma ba da sanin nan aka haife ni ba, wajen wani tsohon ofareta na koya, da tef da magagari a hannu. Abin da ba zan yafe ba shi ne mutum bai sani ba, amma ya buɗe baki da ƙarfin hali ya ce ya sani, a kan abin da ke gudu da kaifi kusa da cinyar mutum. "Ban sani ba" kalma uku ce. Da ya faɗe ta, yarona zai dawo ya tambaye ni, magana ta ƙare.

Na fita na shiga shago na biyu. Yaron shagon tambaya ɗaya ya iya: "Oga, inci nawa?" Na ce 36, amma 3/8 nake so. Ya sake cewa inci nawa. A wurinsu sarƙa tsawo ce kawai, kamar igiyar guga. Na yi masa bayani cewa bilet 36 a kan .404 ƙafa 104 yake ɗauka, amma a kan 3/8 sai ya haura 110, domin takun ya fi gajarta. Ya tsaya yana kallona kamar ina yi masa wani yare.

Shago na uku ya ce akwai 3/8, na ji daɗi. Sai ga shi da wata 'yar sarƙa mai ƙananan haƙora, irin ta ƙananan injinan sassabe. Gaskiya ne 3/8 aka rubuta a jiki, amma akwai 3/8 iri biyu: cikakkiya ta manyan injina, da gajeruwa wadda Stihl ke kira Picco, Oregon kuma ke buga wa lamba 91, mai kauri 1.3. In ka ɗora wannan a kan 070, rawa za ta riƙa yi a cikin kwarmin 1.6, kuma ƙarfin injin zai tsinke ta. Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Ka gwada mana, in ba ta yi ba ka dawo." In gwada da me? Da hannuna? Kuma in dawo ka nuna mini ƙasan rasit?

Na huɗu ya fi su duka. Shi cewa ya yi ba a canza takun inji sam, yadda ya fito daga Jamus haka zai mutu, gara in sayi sabon inji ƙarami, ga su nan a jere. Wato tun da bai da ɗan ƙarfen da nake nema, sai ya ƙirƙiro doka don ya tura mini babban ciniki.

Abin haushin shi ne ilimin nan a jikin kayan yake. Sarƙar Stihl, lambar da ke jikin ƙafa kauri take faɗa: 3 na nufin 1.3, 5 na nufin 1.5, 6 na nufin 1.6. Ta Oregon kuwa in ka ga 72 ko 73 ko 75, cikakkiyar 3/8 ce, 75 ɗin ita ce mai 1.6 da nake nema. In ka ga 27, to .404 ce. Ba karatun jami'a ake bukata ba. Mai sayar da taya ya san lambar taya. Mai kemis na kirki ba zai ba ka magani ya ce duk fari ne ba. Mai sayar da yadi a Kwari, ido rufe zai shafa ya faɗa maka wace shadda ce. Me ya sa masu kayan injin yanka ne kaɗai suke ganin ba dole su san komai ba? Kowannensu da babbar waya a hannu yana kallon bidiyo tun safe, ya kasa ɗaukar minti goma ya koyi abin da yake ci da shi.

Kuma ni na san abin da nake nema, shi ya sa na iya musu. Ina tunanin manomin da ya tara kuɗin masara ya sayi ɗan injin Caina mai sisi 52 ko 58, irin masu zuwa da .325, ya je neman sarƙa aka haɗa shi da 3/8 don tsawon ya yi kusa. Zai koma gida injin ya riƙa tsalle, sarƙa na fita, ya ɗauka injin ne jabu ko shi ne bai iya ba. Zai kai wa bakanike, a kwance kabireto da ba ruwansa, a caje shi. Ba zai taɓa sanin cewa tun a kan kanta aka cuce shi ba.

A rana ta huɗu na samu abin da nake nema, ba a manyan shagunan masu gilashi ba. Wani dattijo ne mai gyaran injina a ƙarƙashin rumfar kwano, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ina cewa 070 zuwa 3/8 ya ce, "Ɗana, bilet ɗinka mai tauraro ne ko busasshe?" Tambayar da na yi kwana uku ina jiran wani ya yi mini ke nan. Ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya zaro sifuroket, ya warware sarƙa daga nadi, ya ƙirga ƙafafuwa da yatsa, ya gwada a bilet ɗina kafin ya yanke ya ɗaure ƙusar. Sannan ya tuna mini in sauya magagari, in bar mai milimita 5.5 na .404 in koma 5.2.

Kafin in koma gona an yi ruwan farko, gungumen da muka kayar sun jiƙe, hanyar shiga ta caɓe, mai aikin kuma ya kira ni sau bakwai yana cewa na yi masa alkawarin ƙarya. Yarona har yanzu da bandeji a hannu, ni nake biyan kuɗin wankin ciwon. Lalatacciyar sarƙar tana rataye a ƙusa a ɗakina, kuma ranar Asabar zan sake kai ta shagon farko, in nemi shugaban 'yan kasuwar layin ya zo ya gani da idonsa.