An karɓi kuɗinmu, ba a faɗa mana abin da gashi zai yi wa Baba ba

Baba mutum ne da ba ya karyawa sai da masa da miyar taushe. Yau sati uku ke nan ko ruwa zai haɗiya sai ya runtse ido ya damƙe hannuna.

Da aka tabbatar cutar kansa ce a maƙogwaronsa, muka baro Bauchi muka kama ɗaki a garin da ake da injin gashi, wato injin da ke ƙona kansar da haske mai ƙarfi. An lissafa mana komai: gashi sau 35, Litinin zuwa Juma'a, sati 7, da ƙarin ruwan maganin kansa mai suna cisplatin duk bayan sati uku. Muka biya, muka sa hannu. Amma ba wanda ya zaunar da mu ko na minti biyar ya faɗa mana yadda bakinsa zai koma.

A sati na uku gyambo ya cika masa baki har maƙoshi. Yawunsa ya yi kauri kamar yauƙin kuɓewa, kwana yake yana tofarwa a gwangwani. Fatar wuyansa ta yi baƙi ta saɓule. Duk abin da ya taɓa harshensa ɗanɗanon ƙarfe yake ji, kunnensa na ta ƙara. Ya rame har abin rufe fuskar da aka auna masa don gashin ya yi masa yawa.

Na samu nas hankalina a tashe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Haka yake yi, ki yi haƙuri." Haƙurin ne zai shiga cikinsa? Wata baiwar Allah mai jinyar mijinta, a kan bencin jira, ita ta koya min kurkure masa baki da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce a daina yaji da tsami. Ashe kunun tsamiyar da muke ta lallaɓa shi ya sha, wuta muke zuba masa a kan ciwo! A bakinta na fara jin cewa ana duba haƙora kafin a fara gashi, kuma akwai robar abinci ta hanci. Wannan aikin 'yar jinya ne, fisabilillahi?

Ana cikin haka injin ya tsaya kwana tara, alhali likitan da bakinsa ya ce katse gashi yana ba kansar damar farfaɗowa. Kullum mu je, a ce mu dawo gobe, kuɗin haya na tafiya.

Jiya da dare ya jawo ni kusa, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce, "Uwata, mai da ni gida." Saura gashi 11, ni kuma na rasa bakin da zan ce masa ya daure.