Hutu a takarda, ba gado a mota

Ranar da na fara tura wa kawuna hoton motar da nake ja a yammacin Texas, bai ce komai a kan kyanta ba. Shi tsohon direban tanka ne, ya daɗe yana ɗauko mai daga Apapa zuwa Kaduna da Kano, don haka idonsa bayan kujera ya tafi. Sai ya turo min saƙon murya: "To ɗana, wannan kai da aka guntule, ina kake kwana? Kuma ina yaron motarka?" Na yi dariya a lokacin. Yau shekara uku ina jan yashi zuwa rijiyoyin mai tsakanin Odessa da Pecos har Carlsbad ta New Mexico, kuma ban samu amsar da za ta gamsar da shi ba.

Kan mota iri biyu ne a nan. Akwai mai ɗaki a baya, da gado da labule, wanda masu doguwar tafiya ke ja. Akwai kuma guntun kai, kujera biyu sai bango, an ƙera shi don wanda zai fita da safe ya kwana a gidansa. Kamfanonin da ke hidima a filin mai suna son guntun, ya fi araha, ya fi sauƙin juyawa a hanyar burji, kuma tunda ba shi da nauyi sai a ƙara lodi. Matsalar ita ce rijiya ba ta san safe da yamma ba.

Doka kam akwai ta, kuma ba ta wasa. In kana tsallaka jihohi, FMCSA, hukumar gwamnatin tarayyar Amurka mai kula da manyan motoci, ta ce tuƙinka kada ya wuce awa 11, duk aikin yini ya tsaya cikin awa 14, sannan ka huta awa 10 a jere. Wanda bai fita daga Texas ba dokar jihar ce a kansa: tuƙin awa 12, hutun awa 8. Tun Disambar 2017 aka wajabta wa mafi yawan motoci na'urar da ke haɗe da inji tana ƙirga kowane minti, zancen gyara littafi da biro ya ƙare. Filin mai kuma yana da nasa sassaucin. Sauran direbobi sai sun huta awa 34 kafin lissafin awannin aikinsu na mako ya koma sifili, mu awa 24 ta isa.

Akwai wani sassaucin da ya fi jawo gardama a wurin lodi. Direban da aka ba horo na musamman, mai jan motar da aka ƙera don aikin rijiya, lokacin da ya ɓata yana jira a bakin rijiya ba ya shiga cikin awa 14 ɗinsa, kuma in akwai wurin kwanciya a nan yana iya raba hutunsa gida biyu. A 2012 hukumar ta fito ta ce masu jan yashi da masu jan ruwa ba sa ciki. Wato mu da muka fi kowa daɗewa a layi, jiranmu yana cinye mana yini.

Ga yadda abin yake a zahiri. Wata rana a watan Yuli na isa wata rijiya bayan Orla da la'asar, na tarar da motoci kusan ashirin a gabana, wani abu ya lalace a wurin sauke yashi. Kafin layi ya zo kaina lokacina ya ƙare. Na'ura ta nuna ja, ba ni da ikon motsawa. Gari mafi kusa ya yi nisa, ɗakunan kwanan ma'aikata na wurin kuma na wani kamfani ne. Na kira ofishinmu, aka ce in saka "hutu" kawai. Kuma ba ƙarya suka yi ba, tun 2012 doka ta yarda zaman da ka yi cikin mota a tsaye a lissafa shi hutu. Na ɗauko guntun katakon da nake ɗorawa tsakanin kujerun biyu, na naɗe rigar sanyi na yi matashi, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, sandar giya tana tokare min haƙarƙari. In na kashe inji zafi ya dafa ni, in na bar shi, ga ƙarar famfunan rijiya ga tasa. Da asuba na'ura ta ce na huta awa 10 cif. Barcin da na yi bai kai awa uku ba, haka na hau hanyar 285, wadda mutanen nan da kansu ke kira hanyar mutuwa.

Abin haushin, dokar ta san mene ne gado. Ta faɗi tsawonsa da faɗinsa a motar da ke da shi, inci 75 da inci 24 mafi ƙaranci. Amma in motar ba ta da shi, ba wanda aka ɗora wa alhakin nemo maka wurin miƙe baya. Wanda ma ya samu ya koma gida, tafiyar da zai yi a ƙaramar motarsa, zuwa da dawowa, daga cikin awannin hutun nan ake cire ta.

Kada wani ya ɗauka ina cewa gida ya fi. Kawu da bakinsa ya ba ni labarin yadda suke tasowa daga Legas da goro a kumatu da shayi mai kauri, ba mai tambayarsu awa nawa suka yi, mai mota dai yana jiran lodi. Gyangyaɗi a kan sitiyari ya raba iyalai da yawa da mazajensu a hanyar Lokoja, kuma da irin na'urar nan ta shiga tankokinmu da ni ne farkon mai murna. Sai dai duk wanda ya taɓa ratsa Tafa ko Mararrabar Jos da dare ya ga wani abin da babu shi a nan. Motoci jere, tabarma a ƙarƙashin tirela, mai shayi yana fifita wuta, ga masallaci ga wurin wanka, yaron mota yana gadin taya da batir maigidansa yana sharar barci. Ba tsari ne na gwamnati ba, kuma ya cinye rabin titi, amma direba yana miƙe ƙafarsa har ƙarshe. A nan ko na so shimfiɗa tabarma a ƙasa, dokar wurin rijiya ba za ta bari ba, ga macizai masu ƙararrawa a wutsiya.

Ra'ayina bai da tsawo. Kamfanin da ya zaɓi guntun kai don ribarsa, ya kuma tura direba inda ya san layi na iya kai shi dare, shi ya kamata ya biya ɗaki, ko ya aiko da wanda zai karɓi motar a mai da direban gida. Wasu suna yi, kuma an san su, shi ya sa direbobinsu ba sa barinsu. Namu dai har yanzu "saka hutu" ne.

Makon jiya kawu ya sake kira, ya ji muryata a dishe. Bai tambayi komai ba, sai ya ce in auna masa tsakanin ƙofa da ƙofa, akwai mai katifa a unguwarsu da zai yanka min daidai, in wani mai zuwa ya samu ya taho da ita.